Afendis: Ba kowa ne yake jin ciwonsa a gefen dama ba

A wannan makon za mu taɓa ciwon da kusan kowane gida a Mubi ya san sunansa, domin da wuya ka zaga unguwa, daga Lokuwa har Wuro Patuji, ba ka samu wanda aka yi wa aikinsa ba. Ina nufin ciwon afendis. Abin da yawancinmu muka riƙe shi ne yana kama mutum a ƙasan ciki ta hannun dama. Gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan. Ɗaya rabin da ba a cika faɗa ba shi ne yake sa a kai mutane ɗakin tiyata a makare.

Shi dai afendis wani ɗan siririn hanji ne mai kama da tsutsa. A jikin babban mutum tsawonsa yakan kai santimita 8 zuwa 10, kodayake akwai gajeru ƙwarai, akwai kuma masu ninka haka. Ƙarshensa a toshe yake, kamar lungun da ba ya ɓullewa. Yana manne ne a farkon babban hanji, dab da inda ƙaramin hanji ya zo ya haɗe da shi. Gindinsa wuri ɗaya yake a jikin kusan kowa, amma jelarsa sake take. Ku ɗauke shi kamar akuyar da aka ɗaure a turke: turken ba ya motsi, ita kuwa akuyar tana iya kwanciya gabas, tana iya kwanciya yamma, tana iya zagayawa bayan rumbu inda mai shigowa gida ba zai hango ta ba. Inda jelar ta kwanta a jikinka, haka aka halicce ka, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ya kumbura.

Ciwon yana farawa ne idan bakin wannan lungu ya toshe. Mafi yawa ɗan dunƙulen bayan gida ne da ya bushe ya yi tauri kamar tsakuwa, ko kuma kaluluwar da ke jikin bangonsa ta kumbura, musamman a yara da matasa. Jefi-jefi tsutsar ciki takan toshe shi, kuma a ƙasashenmu likitoci kan samu ƙwan tsargiya a jikin afendis da aka cire. 'Ya'yan gwaiba da na tumatir da ake ta ɗora wa laifi kuwa, da ƙyar ake samun su a ciki, don haka iyaye ku bar yara su sha gwaibarsu. Da zarar ya toshe, majina ta taru a ciki, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, ya kumbura har jini ya kasa isa bangonsa. Daga nan sai bangon ya ruɓe ya ɓule. A yini na farko haɗarin fashewa kaɗan ne. Bayan awa 36 zuwa 48 yakan ƙaru sosai. An fi ganin ciwon tsakanin shekara 10 zuwa 30, amma bai bar jariri ba, bai bar tsoho ba.

Ga abin da nake so kowa ya fahimta game da yadda zafin yake tafiya. Hanji ba ya iya nuna wa ƙwaƙwalwa takamaiman inda yake ciwo. Shi ya sa a awannin farko mutum yake jin wani murɗa-murɗa a kewayen cibiya ko saman ciki, in ka ce ya nuna maka sai ya shafa tafin hannu gaba ɗaya. Sha'awar abinci ta ɗauke, zuciya ta riƙa tashi, wataƙila ya yi amai sau ɗaya ko biyu. Amma akwai wata siririyar shimfiɗa da ta lulluɓe bangon ciki ta ciki, ita kuwa tana da jijiyoyi masu kaifin ji. Idan kumburarren afendis ya taɓa ta, nan take zafin ya tattara wuri ɗaya, har mara lafiya ya iya nunawa da yatsa ɗaya. Wannan wuri, wani likitan tiyata na birnin New York mai suna Charles McBurney ne ya bayyana shi a 1889, shekara uku bayan Reginald Fitz na Jami'ar Harvard ya raɗa wa ciwon suna. In ka ja layi daga cibiya zuwa ƙashin ƙugu da ya turo ta gaba a hannun dama, ka raba layin uku, wurin yana kashi ɗaya daga ƙashin.

To amma wannan duka sai idan afendis ɗin ya taɓa bangon ciki ta gaba. Idan fa ya kwanta wani wuri daban?

A 1933 wani likitan Ingila, Cecil Wakeley, ya wallafa abin da ya gani a jikin mutum 10,000. Kusan 65 cikin 100 afendis ɗinsu ya lanƙwashe ya ɓuya a bayan babban hanji. Kimanin 31 cikin 100 nasu ya sauko cikin mara. 'Yan ragowar sun kwanta a ƙarƙashin babban hanjin, ko gaban ƙaramin hanji, ko bayansa. Binciken da aka yi daga baya a wasu ƙasashe ya samu alƙaluma daban, a wasu wuraren ma mai saukowa mara ne ya fi yawa. Duk da haka darasin bai canza ba. Wannan tsari da aka saba ji, na ciwo ya fara a cibiya ya koma dama, kusan rabin masu ciwon ne kawai suke zuwa da shi cif-cif.

Mu fara da mai ɓuya a baya, tunda shi ya fi yawa. Babban hanji yana cike da iska, sai ya zama kamar matashin kai tsakanin hannun mai dubawa da wurin ciwon. Ka danna cikin mutum ta gaba ka ji shi da laushi, shi ma ya ce maka zafin ba wani mai yawa ba ne. Inda yake kuka da shi shi ne kwiɓi ko bayansa ta dama, saman ƙugu. Nan da nan sai gida ya yanke hukunci: ciwon ƙoda ne, ko ciwon baya ne na ɗaukar kaya, ko sanyi ne ya kama shi. Abin da ke ƙara rikita lamarin, bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ta nan ya bi, don haka in kumburin ya shafe shi ana iya ganin ɗan jini ko alamar ƙwayoyin cuta a gwajin fitsari. Sai a ce ai ga shi gwaji ya nuna.

Akwai alamar da ke tona asirinsa. Afendis ɗin yana kwance ne a kan wani babban naman da ke ɗaga cinya. In ya kumbura, mara lafiya ba ya son miƙe ƙafar dama. Za ka gan shi kwance ya naɗe ta, in ya tashi tafiya ya ɗan duƙa yana ɗingishi. Uwa, idan yaronki ya ƙi abinci, jikinsa da ɗumi, yana tafiya a karkace yana jan ƙafar dama alhali bai faɗi ba, bai buga ƙwallo ba, kada ki tsaya shafa masa man zafi a cinya. Irin wannan afendis in ya fashe, mugunyar takan taru a baya, wani lokaci ta haura har ƙarƙashin hanta ko kewayen ƙoda. Mutum ya yi ta zazzaɓi mai zuwa da dawowa, yana rama, ana ta yi masa allurar maleriya. Ko hoton ciki na sikanin ma sau da yawa ba ya hango shi, saboda iskar hanji ta tare. Don haka takardar sikanin da ta ce ba a ga afendis ba, ba ta ce lafiyarsa ƙalau ba.

Na biyu shi ne wanda ya sauko mara, kuma a ganina shi ya fi cutar da mata. A can ƙasa maƙwabtansa su ne mafitsara, da ƙarshen hanji inda bayan gida ke taruwa, sannan a jikin mace ga mahaifa da bututun ƙwai. Duk wanda ya jingina da shi, shi zai yi kuka. In mafitsara ce, sai yawan fitsari da zafi. In ƙarshen hanji ne, sai mutum ya riƙa zarya ban ɗaki yana yunƙuri, ɗan ruwa-ruwa da majina kawai ke fita, kamar atini. Zafin kuma a tsakiyar mara yake, wani lokaci har ya ɗan karkata hagu. Mu da ke tsaye a kantin magani mun san yadda ake zuwa mana da shi. Ba a cewa ciki ke ciwo. Miji ne zai zo ya ce, “A ba ni maganin sanyi na mata,” ko a aiko yaro da kuɗi a hannu a ce Flagyl ake so na atini. Ita mara lafiyar tana gida, ba wanda ya gan ta.

A nan kuskure yana da tsada ta fuska biyu. In afendis ne ya fashe a mara, mugunya takan kwanta a kewayen bututun ƙwai, tabon da za ta bari kuma yana iya kawo matsala wajen samun ciki nan gaba. In kuma ba afendis ba ne, abubuwan da ke kama da shi ba na wasa ba ne: cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ko ƙullutun ƙwai da ya murɗe. Na farkon yana iya zubar da jini a cikin ciki ya kashe mace cikin awanni. Shi ya sa a asibiti duk macen da ta isa haila ta zo da ciwon mara sai an tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe, a kuma yi mata gwajin ciki, ko matar aure ce ko budurwa. Iyaye maza, na san wannan yana sosa rai. Ba zargin 'yarku ake yi ba, ƙa'idar aiki ce a ko'ina a duniya, kuma ɗaukar yarinya a fusace a bar asibiti saboda wannan tambaya ya sha jawo nadama.

Sauran wuraren ba su da yawa. Wanda ya kwanta gaba ko bayan ƙaramin hanji yakan zo da amai da gudawa sosai, har a ɗauka gurɓataccen abinci ne, kuma da yake a tsakiyar ciki yake, in ya fashe ƙazantar ta fi saurin bazuwa. Akwai wanda nasa yake can sama ƙarƙashin hanta, sai a yi zaton olsa ce ko ciwon matsarmama. Akwai wanda nasa ke faɗawa cikin ƙaba. Hasali ma aikin cire afendis na farko da aka rubuta a tarihi, wanda Claudius Amyand ya yi a Landan a 1735, a cikin ƙabar wani yaro ɗan shekara 11 aka same shi. Sannan kusan mutum 1 cikin 10,000 ana haifarsa kayan cikinsa a juye, zuciya a dama, afendis a hagu.

Mai juna biyu kuma nata daban ne. Yayin da mahaifa ke girma takan ɗaga hanji, ta kuma nesanta afendis daga bangon ciki, don haka a watannin ƙarshe zafin yana iya kasancewa sama da inda aka saba, ko ya zo a dushe. Ga shi tashin zuciya da amai an riga an saba da su, sai a ce laulayi ne. Tsoron da ake yi shi ne kada tiyata ta taɓa cikin. Ku sani fashewar afendis ta fi tiyata haɗari ga ɗan da ke ciki nesa ba kusa ba. Ƙananan yara su ma abin lura ne. In an yanka rago kuna ganin wani kitse mai kama da mayafi da ya rufe hanji. Mu ma muna da shi, kuma aikinsa ne ya je ya naɗe wurin da ya kumbura don kada ƙazanta ta bazu. A jikin ƙaramin yaro wannan mayafi gajere ne, bai isa wurin ba. Ga yaro bai iya bayani ba. Shi ya sa yawancin 'yan ƙasa da shekara 5 sai ya fashe ake ganewa. Tsofaffi da masu ciwon suga kuwa, zafin nasu yakan zo da sauƙi ko da abin ya yi nisa.

Sai babban abokin rikicinmu a nan, wato taifot. Kusan duk ciwon ciki mai zazzaɓi a garin nan sunansa taifot har sai an tabbatar da akasin haka, gwajin Widal kuma yana taya mu. Wannan gwaji yana iya nuna alama a jinin mutumin da ya taɓa yin taifot a baya, ko mai wani zazzaɓin daban, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Kama da wane ba ta wane. Ku lura da wanda ya riga wani. A taifot zazzaɓi ne ke fara zuwa, ya yi kwanaki yana hawa, da ciwon kai da kasala, ciwon ciki ya biyo baya. A afendis ciwon ciki ne ke fara sallama, sai ƙin abinci, sai amai, zazzaɓin kuma mara ƙarfi ne a farko. Taifot ma in ya kai mako na biyu zuwa na uku yana iya ɓula ƙaramin hanji, kuma a wannan gefen na dama. Ko wanne ne daga ciki, cikin da ya ɗaure ya yi tauri aikin likitan tiyata ne.

Yanzu bari in zo ɓangarena. Abin da ya fi cinye kwana biyun nan masu daraja shi ne magungunan da ake saya a sha a gida. Diklofenak ko tiramol su danne zafin, farasitamol ya sauke zazzaɓin, Buscopan ya rage murɗar, Cipro da Flagyl su ɗan lafar da ƙwayoyin cutar ba tare da sun buɗe abin da ya toshe ba. Mara lafiya ya samu barci, gida ya samu kwanciyar hankali, ruɓa kuwa tana ci gaba. A asibiti ana ba da maganin zafi tun kafin a gama bincike, kuma daidai ne, domin likita yana nan yana sake dubawa. A gida ba mai sake dubawa. Mafi muni shi ne maganin wankin ciki, na bature ko na gargajiya, da gasa ciki da ruwan zafi. Hanjin da ke gab da ɓulewa ba a tilasta masa motsi. 'Yan'uwana masu kemis, wanda ya zo neman maganin ciwon ciki karo na biyu cikin yini ɗaya saboda na farko bai yi ba, ba ƙarin magani yake buƙata ba. Tambayoyi uku sun isa: a ina ya fara, ya canza wuri, yana cin abinci? Cinikin da za ka rasa bai kai ran mutum ba.

Wasu za su ce sun ji ana warkar da afendis da magani ba tare da aiki ba. Akwai ƙamshin gaskiya. A wani bincike da aka yi a ƙasar Finland aka wallafa a 2015, an ba manya masu afendis da bai fashe ba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kimanin 27 cikin 100 sai da aka yi musu aikin cikin shekara ɗaya, bayan shekara biyar adadin ya kai 39 cikin 100. Amma ku duba sharaɗin: kowannensu sai da aka yi masa hoton CT aka tabbatar bai fashe ba kuma babu tsakuwa a ciki, aka kwantar da shi, aka fara ba shi maganin ta jijiya, ɗakin tiyata yana kusa. Wannan bai yi kama da sayen ƙwaya goma a kanti ba ko kaɗan.

Akwai wata yaudara da ya kamata kowa ya sani. Lokacin da afendis ya fashe, matsin da ke cikinsa ya sauka, sai mara lafiya ya ji sauƙi na 'yan awanni, har ya nemi kunu. Gida a yi ta hamdala. Bayan nan zafin ya dawo ya game ciki duka, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar katako, zazzaɓi ya hau, bugun zuciya ya yi sauri, mutum ya kwanta shiru ba ya son ko a taɓa gadonsa. Ciwon da ya yi tsanani yini guda sannan ya ɗauke farat ɗaya, abin tsoro ne.

To me za a yi? Duk ciwon cikin da ya wuce awa shida yana ƙaruwa, ga ƙin abinci, a tafi asibitin da ake tiyata, ko a ina zafin yake: dama, mara, kwiɓi ko baya. Kuna iya cewa mara lafiya ya yi tari, ko yaro ya yi tsalle da ƙafa ɗaya. In ya dafe ciki ya ƙi, alama ce. Ku lura da shi a cikin keke ma. Wasu likitoci a Ingila sun wallafa a 2012 cewa cikin masu afendis 34 da aka bi da su ta kan tudun rage gudu a hanyar asibiti, 33 sun ce zafin ya ƙaru. Mu da Allah ya hore wa ramuka a titi, gwajin nan kyauta muke samunsa. Sai dai mai ɓuya a baya yana iya tsallake duk waɗannan, don haka rashinsu ba izinin zama a gida ba ne.

Kada a ba shi abinci ko abin sha a hanya, saboda allurar barci tana son ciki wayam. A ɗauki kwalayen duk magungunan da ya sha, har da jiƙo, a nuna wa likita ba tare da jin kunya ba. Wanda ya san yadda ciwon ya fara shi ya kamata ya raka shi, domin labarin awannin farko ya fi gwaje-gwaje da yawa amfani. Masu zuwa daga Maiha, Gella, Michika ko Madagali, ku yi lissafi da hanya: in ciwo ya fara da safe, kada a bari dare ya yi ana shawara. In kuma ya riga ya lalace har aka tura ku Yola, tafiyar kusan kilomita 200 ce ta Hong da Gombi da Song, da ciki mai mugunya. Magidanta masu fita kasuwannin nesa ko ƙetara iyaka zuwa Kamaru, ku bar izini da ɗan abin hannu a gida, kada a zauna jiran wayarku ta shiga.

In likita ya duba ya ce a kwana a sake dubawa da safe, ku kwana. In kun zo bayan kwana huɗu ko biyar ya ce wurin ya riga ya dunƙule, za a ba da magani ta jijiya a ɗage aikin zuwa wasu makonni, wannan ma hanya ce sananniya, domin yanka cikin dunƙulen yana iya yaga hanji. Bayan aiki kuma ku tambaya ko ya fashe, da inda aka same shi. In ya fashe, a shanye magungunan da aka rubuta har ƙarshe, a kuma sa ido kwana biyar zuwa goma. Zazzaɓin da ya dawo, ko gudawa mai majina, ko ciwon kafaɗar dama da shaƙuwa, ko ruwa na fita daga ɗinki, suna iya nuna mugunya ta sake taruwa a mara ko ƙarƙashin haƙarƙari. A koma asibitin da aka yi aikin a ranar, da katin sallama a hannu.